Hajja Madina da Tarin da Ba Nata Ba

Kafin masu keke-napep su fara fitowa a Ƙofar Ran, Hajja Madina ta riga ta hura wuta. Da an sallame sallar asuba take fito da tandarta ta ƙasa, ta ɗora a murhu a ƙofar gida, ta buɗe robar ƙullun da ya kwana yana tashi, ta ɗanɗana da ɗan yatsa. In ya yi mata, sai ta yi bismillah ta zuba mai. Benci biyu gare ta, ɗaya na maza, ɗaya na mata da yara, ga tukunyar miyar taushe a gefe da kwanon yaji. Masa take yi, wadda Kanawa suka nace sai sun kira waina, mu kuma muka ƙyale su tunda ba su iya ta ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan zama, hayaƙin icce yana shiga idonta da ƙirjinta, har ya bar mata wani ɗan busasshen tari da duk unguwa ta saba da shi. In ka jiyo shi daga lungu, ka san zubin farko ya kusa sauka.

Ba don masa na ɗauki alƙalami ba, ko da yake ita ma ta cancanci shafi guda. Sunana Nasiruddeen, ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan cikin gari, kuma ina cikin mutum bakwai da suka fara shirya Makon Kimiyya na unguwarmu shekara goma da suka wuce. Duk dogon hutu mukan kafa rumfuna a filin makarantar firamare, mu gayyato masana daga jami'a da asibiti da ma'aikatar gona, su yi kwana biyar suna bayani ga duk wanda ya ga dama ya zo. An yi mana bayanin husufin wata, da yadda dutse yake zama ƙasar noma, da rayuwar ƙudan zuma, da dalilin da ya sa batirin waya yake kumbura, da ruwan rijiya, da giwaye, da sauro. Aikina a wurin ba babba ba ne. Ni ne mai yawo da makirufo, in kai wa duk wanda ya ɗaga hannu.

A shekarar farko aikin nan bai gajiyar da ni ba ko kaɗan, don babu wanda ya ɗaga. Masani zai gama zuba bayani, shugaban kwamitinmu Malam Mansir ya miƙe ya ce, "Jama'a, akwai tambaya?" Sai wuri ya yi tsit, kowa ya kama kallon takalmin maƙwabcinsa. Ba tambayoyin ne babu ba. Magidanci ne ba zai nuna bai san abu ba a gaban surukinsa da 'ya'yansa, mace kuma ba za ta miƙe ta ɗaga murya a gaban maza ɗari biyu ba. Amma washegari da safe, a kan bencin Hajja, sai ka ji mutanen nan da suka yi gum jiya suna gardama har jijiyar wuya tana tashi. Wannan ya ce farfesan ya yi ƙarya, wancan ya ce da ya samu dama da ya ƙure shi. Hajja tana juya masa tana saurare. A rana ta huɗu ta tashi daga bakin tanda da wuri, ta wanke hannu, ta yafa gyale, ta zo ta zauna a layin gaba. Da Malam Mansir ya yi tambayarsa ta kullum, sai na ga hannu ɗaya a sama, har na ɗan rikice wajen neman inda ake kunna makirufon.

Tambayarta ta farko ta jawo mata rigima, kuma ita da kanta take ba da labarin. Likitan yara ne ya yi jawabi, sai ta ce, "Wata maƙwabciyata ce ta ce in tambaya, yaronta ya shekara tara har yanzu yana fitsarin kwance, me ke kawo shi?" Likita ya ba da amsa mai kyau. Sai dai kafin la'asar unguwa ta gama lissafa maƙwabtan Hajja masu ɗan shekara tara, aka samu biyu, aka cire ɗaya don nata mace ce. Yaron nan ya sha tsokana har ya daina fita wasa, uwarsa kuma ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwar Hajja. Sau uku Hajja tana shiga gidan ba da haƙuri. Daga nan ta kafa wa kanta dokar da ba ta taɓa karyawa ba: duk tambayar da aka ba ta, ta zama tata. Ba "wata", ba "wani bawan Allah". Za ta miƙe ta ce, "Ni Madina nake tambaya," sannan ta faɗi abin a kan kanta.

Ba ta yi boko ba, ba ta rubutawa. In mutum ya raɗa mata tambayarsa wajen karɓar masa, ko ta shiga gida aka ja ta ɗaki aka faɗa mata, sai ta ɗaura ƙulli ɗaya a bakin gyalenta. Dangin marigayi mijinta Hammajoda, da har yanzu suke kiwo a bayan gari, sukan aiko mata da nasu da Fulatanci ta hannun masu kawo nono. Ranar taro za ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana kwancewa, ban taɓa ganin ta haɗa wata da wata ba.

Mun sha dariya, ba zan ɓoye ba. Dattijuwar nan ta taɓa miƙewa ta ce, "Ni Madina nake tambaya, me ya sa gemuna ya fara furfura ta gefen hagu kawai?" Fuskarta ko gezau. Ta taɓa zama mai keke da batirinsa ke mutuwa duk damina, ta zama mai shanu tamanin da kaska ta dama, ta zama ɗalibar da ke son sanin ko taurarin da muke gani suna nan har yanzu. Wani farfesan sararin samaniya ya taɓa yin minti arba'in yana zuba Turanci yana nuna hotuna, da ya gama ta karɓi makirufo ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi mun ji daɗin Turancin. To yanzu a faɗa mana." Bawan Allah ya yi dariya har ya cire tabarau, ya sake bayanin daga farko da Hausarsa ta Jos, kuma ya fi na farkon daɗi nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin, duk masanin da muka gayyata sai ya tambaye mu a waya, "Matar nan mai gyale za ta zo?" In muka ce e, sai ya koma ya sake shiri.

Ba duka ne na dariya ba. Tambayarta a kan nisan da ya kamata a bari tsakanin rijiya da salga ta sa gidaje da dama a Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai sun daina shan ruwan rijiyarsu ba a tafasa ba. Ita ta fara tambayar gwajin jini kafin aure saboda sikila, a lokacin da ake ganin maganar kamar zagi ce ga dangi. Duk wanda ya ba ta tambaya yakan zauna a cikin taron ya ji amsarsa da kunnensa, fuska a sake, babu wanda ya san shi ne. Wadda ba ta iya fitowa ba, Hajja ta bi ta gida da amsar da yamma.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na yi wannan rubutu, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. A shekara ta biyar ta Makon Kimiyya, ni ne na ba ta tambaya.

Na yi sama da wata biyu ina tari. Na rame har na ƙara huda a bel ɗina, zufa tana jiƙa mini riga ina kwance, wata safiya kuma na ga jini a kakina. Na san gudun haske har da ɗigo, amma abin da ke cin ƙirjina na ƙi in san shi, don na taɓa ganinsa. Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya yi irin wannan tari a ƙauye. Aka ware masa ɗaki a bayan gida, aka ware masa kwano, ya rasu a can, mutane kuma suka ce abin a jininmu yake. Duk karatun da na yi bai goge wannan maganar daga raina ba. Ga 'yata wata takwas a duniya, ga aji shida da nake shiga. Ina ganin ranar da aka ji, iyaye za su je wurin shugaban makaranta, surukaina kuma za su zo su ɗauke 'yarsu da jikarsu. Sai na yi abin da matsorata suke yi, na riƙa sayen maganin tari a kemis ina cewa mura ce ta ƙi tafiya.

Hajja ce ta kama ni. Wata Litinin, ranar da aka buɗe taron shekarar, ta bari benci ya watse sannan ta ce, "Malam, masata ce ta canza ko bakinka? Biyar kake saye, biyu kake ci." Na ce babu komai. Ta ce, "Ni ma ina tari, na san kalarsa. Naka ba irin nawa ba ne." Ban san lokacin da na zauna na faɗa mata komai ba, har labarin mahaifina da ban taɓa faɗa wa maiɗakina ba. Na ce ina son in san ko gado ne, ko ana warkewa, ko kulle mutum ake yi a asibiti, ko jaririya za ta ɗauka. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta jawo bakin gyale ta ɗaura ƙulli, ta ce, "Jibi likitar ƙirji za ta zo, ko ba haka kuka rubuta ba? To ka ci sauran masarka."

Ranar Laraba Dakta Ronke, likita daga asibitin gwamnati, ta yi jawabi a kan cututtukan da ke bin iska. Da ta gama, Hajja ta ɗaga hannu, ni kuma na taka zuwa wurinta da makirufo, tunda aikina ne. Na tsaya a gabanta na riƙe mata shi a baki. Ta ce, "Ni Madina nake tambaya. Na fi wata biyu ina tari, na rame, ina zufa in na kwanta, har na ga jini. Babana ma da irinsa ya rasu. Gado ne? Ana warkewa? Kulle ni za a yi? Akwai jinjira a ɗakina, za ta ɗauka?" Makirufon ya riƙa bugun haɓarta. Ta kama wuyan hannuna ta ce a hankali, "Malam, riƙe da kyau mana." Tana sakin hannun, sai tarinta na hayaƙi ya taso mata kamar yadda ya saba, ya fita ta lasifika huɗu ya cika filin. Na ga matan da ke kusa da ita sun ja jiki, wata ta ɗauke ɗanta daga cinya ta koma baya.

Dakta Ronke ta amsa da Hausarta ta wadda ta daɗe a Bauchi. "Mama, wannan yana kama da tarin fuka. Ba gado ba ne, ƙwayar cuta ne, yana bin iska. Ba ya bin abinci, ba ya bin kwano. Yana da magani, kyauta ne, wata shida, kuma a gida za ka sha, ba mu kulle kowa. In ka fara sha da kyau, bayan 'yan makonni ba za ka ba wani ba. Jinjirin ma za mu duba shi. Amma Mama, gobe ka zo ka gan ni, kar ka bari sai jibi." Ina tsaye a wurin na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ni kaɗai na ji amsar nan da kyau. Sauran jama'a tambayar suka ji, da tarin da ya biyo ta.

Gemu da shanu tamanin kowa ya san ba nata ba ne. Amma tari, ai kowa ya shekara yana jin tarin Hajja, kuma jikarta ta goyo tana gidan. Babu wanda ya yi shakka.

Washegari Hajja ta tafi asibiti. Ta bi layi, ta ba da kaki, aka yi mata hoton ƙirji, aka ce babu komai sai aikin hayaƙi. Ita ta san haka tun kafin ta je. Da na zo wucewa ranar Asabar ta miƙo mini masa a takarda, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ba ta babbar ƙofa ake shiga ba. Ka bi ta gefen masu sayar da ayaba, ɗaki na biyu bayan bishiyar mangwaro. Ka je da sassafe kafin mutane. Ba sa tambayar inda kake aiki." Hanya ta je ta gano mini. Na je ranar Litinin, aka tabbatar da ciwon, na fara shan magani. Aka duba maiɗakina da 'yata, aka ba yarinyar na rigakafi. Dogon hutu ya rufa mini asiri a makonnin farko, kafin a koma makaranta na daina zama haɗari ga kowa. Bayan wata shida aka ce na warke sarai. Yarinyar nan yanzu tana aji biyu a firamare, ta fi ni surutu.

A cikin watannin nan da nake murmurewa, bencin Hajja ya zama fayau. Yaran da ake aikowa da kwano aka riƙa tura su wata unguwa. Masu biki da suna da suke ba ta aikin masa tun ana saura mako suka daina zuwa. Za ta kwaɓa rabin ƙullun da ta saba, ya kai hantsi bai ƙare ba, ta rage, ya sake saura. Mutanen da suka yi shekaru suna gardama a bencinta suka koma gaishe ta daga tsallaken kwata. Mutum ɗaya ce ba ta fasa ba, Madam Treasure mai shagon kayan masarufi da ke kallon gidan, wadda ta zo garin nan daga kudu tun tana budurwa. Kullum da safe sai ta rufe shago, ta tsallako, ta zauna a tsakiyar benci inda kowa zai gan ta, ta ci masa da miya tana lashe yatsu, tana ce wa masu wucewa, "Ni yana ci, ni bai mutu ba. Ku zo mana!"

Treasure ce ta ba ni labarin takardar, ba ta san wa take ba wa ba. Ta ce Dakta Ronke ta rubuta wa Hajja shaida da hatimin asibiti cewa lafiyarta ƙalau. Treasure ta karɓa ta ce za ta kai a lulluɓe ta da leda, ta manna a ƙofar shagonta, ta kuma kai wa liman ya sanar bayan sallah. Hajja ta fizge abarta ta cusa a ƙarƙashin tabarma. Treasure ta ce, "Mama, me ya sa? Kasuwa naka yana mutuwa!" Hajja ta ce, "'Yar nan, yau in na ce ba ni ba ce, gobe za a fara neman ko wane ne. Na taɓa ganin yadda unguwar nan take lissafi. Kafin magariba sun gano shi." Treasure ta ce to ko wane ne ai shi ya kamata ya fito. Hajja ta ce, "Yana shan magani. A bar shi ya sha." Ina tsaye a shagon da sabulu a hannuna tana ba ni wannan labari tana tsine wa mutumin, ni kuma ina gyaɗa kai.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Da shekara ta zagayo, kwamiti ya zauna shirin taro na shida. Tun farko Hajja ce take yi wa baƙinmu masar karin kumallo. Wani daga cikinmu ya ce bana a nemi wata, kada masana su ji labari su ƙi ci. Malam Mansir bai so ba, ya ce ai likita ta ce ba ya bin abinci. Aka ce ana dai maganar hankalin mutane ne. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai mai magana?" Na warke a lokacin, na yi ƙiba, babu abin da zai same ni sai 'yar kunya ta kwana biyu. Na buɗe baki na rufe. Aka ba wata aikin. Na koma gida na ci tuwo kamar mutumin kirki.

Hajja, ke kin san an yi wannan zama, kuma kin san ina ciki. Ba ki taɓa nuna mini a fuska ba. Ke ce kika ci gaba da ajiye mini ta gefen tanda, mai ƙone-ƙonen baki, don kin san ita nake so. Ke ce kika riƙa tambayata, "Malam, ya jikin 'yar mutuniyata?" a gaban mutane, da muryar da babu wanda zai tsinci komai a cikinta. Ke ce kika zo taron na shida kika zauna a layin gaba, da tazarar mutum biyu hagu da dama, kika ɗaga hannu kamar babu abin da ya faru. Rumbun sirrin Ƙofar Ran, na riƙe miki makirufo a ranar ban iya kallon idonki ba.

Abin mamaki, a shekarar ne gyalenta ya fi cika da ƙulli. Mutanen da suke tsoron masarta ba su ji tsoron kunnenta ba. Dakta Ronke kuma ta faɗa mana daga baya cewa a watannin da suka biyo bayan tambayar nan, mutum goma sha huɗu daga unguwanninmu sun je gwaji da ƙafarsu, shida aka samu da ciwon, duk sun sha magani. Da yawansu sun ce mata, in tsohuwa mai masa za ta iya faɗa a lasifika, su me zai hana su zuwa a ɓoye? Ciniki ya ɗan dawo da tafiyar shekaru, da ganin ba ta mutu ba. Amma bai koma yadda yake ba. Benci ɗaya ya ishe ta har yau, ɗayan tana ɗora robobi a kai.

Bana gwiwoyinta sun ƙi. Ɗanta ya gama gini a Tirwun, can gefen gari, ya ce zaman murhu ya isa haka, bayan taron bana za ta koma can. 'Yarta Radiyya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ita za ta gaji tandar, da ita za ta ci da su. Makon jiya ina wucewa ta lungun bayan masallaci na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa, ya dawo da kwano a hannu: "Ban ce kada ka ƙara sayowa a gidan masu tari ba?" Gidan masu tari. Na tsaya cak. Wato abin ya tashi daga kan Hajja ya zama na gida, zai bi Radiyya, ya bi 'ya'yanta, irin yadda ya bi ni daga ɗakin bayan gidanmu. Ciwon da likita ta ce ba a gadonsa, ga shi ni da shiruna na mai da shi gado a gidan da bai taɓa shiga ba.

Da la'asar na je na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajja, na zo neman izini. Ina so in faɗa wa mutane tambayar nan tawa ce." Ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Wace tambaya?" Na ce ta tari, ta shekara shida da suka wuce. Ta ɗago ta dube ni sosai ta ce, "Malam, ni na yi tambayata, likita ta ba ni amsa. Ban san ka taɓa ba ni wata tambaya ba." Babu kowa a gidan sai ni da ita da kaji. Ko ni mai abin ba za ta buɗe mini ba. Na yi kuka a wurin, da gemuna da komai, ita kuma ta ce in matsa ina tare mata haske.

Don haka ba da izininta nake wannan rubutu ba, kuma sauran tambayoyin shekara goman nan suna nan a matsayin nata, ban san na kowa ba, ba kuma zan nema ba. Tawa kaɗai nake karɓa. Jama'ar Ƙofar Ran, wanda ya yi tarin fukan da Hajja ta yi tambaya a kansa ni ne, malamin da yake koyar da 'ya'yanku, wanda kuke ba hannu a masallaci. Na sha magani na warke, kamar yadda duk wanda ya sha yake warkewa. Hajja Madina ba ta taɓa yin sa ba, babu wanda ya taɓa yin sa a gidanta, takardar tana ƙarƙashin tabarma in ba ta hura wuta da ita ba. Ku aiki 'ya'yanku wurin Radiyya, ku dawo mata da aikin biki da suna.

Muna kuma neman wanda zai zauna a layin gaba daga baɗi. Ba sai mai digiri ba, mai kunne da riƙon amana muke nema, wanda zai yarda a yi masa dariya don wani ya samu amsa. In ba a samu irinta ba, kuma ina shakkar a samu, to kowa ya taimaka ya ɗaga hannunsa da kansa ko sau ɗaya ne. Na gwada ɗaya hanyar, na ga wanda ya biya kuɗinta, kuma ba ni ba ne.

Hajja, na gode. Na gode da raina, da 'yata, da aikina, da mutuncin da kika saya mini da naki. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa iskar Tirwun ta wanke miki hayaƙin shekara talatin, ya jiƙan Hammajoda, ya yi wa Radiyya albarka a tandarta. Ki yafe mini shekara shidan nan. Ba kowa ne a unguwa yake karanta rubutu ba, saboda haka ranar Litinin da za a buɗe taron bana, kafin a gabatar da baƙo na farko, zan maimaita maganar nan da bakina a gaban kowa. Na san ba za ki ji daɗi ba, na san za ki harare ni daga layin gaba. Wannan karon ki yi haƙuri, Hajja, ki sakar mini kayana in ɗauka.